Neman shawara: katanga ta faɗi, yara sun sani, ba wadda ta faɗa mana

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa malamai. Ni mataimakiyar firinsifal ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Gombe. Ruwan Agusta ya kayar da wani sashe na katangar bayan hostal, ciyawa ta rufe wurin. Da aka dawo hutu ɗalibai suka gano, siniyoyi suka mayar da wurin hanyar sayen awara da karɓar waya daga samarin gari bayan isha'i. Mu ba mu da labari, sai da wata 'yar aji ɗaya ta fashe da kuka a gaban matiron. Ashe an gargaɗi ƙananan cewa duk wadda ta buɗe baki za ta yaba wa aya zaƙinta. An gyara katanga, amma shirun nan ne ya hana ni barci. Muna da akwatin ƙorafi, ko takarda ɗaya babu ciki. Yaya zan yi yara su yarda da mu?

Tsohon firinsifal, daga Azare: Wa alaikumus salam Malama. A ina akwatin yake? In a ƙofar ofis ne, wace yarinya za ta jefa takarda kowa na kallonta? Mayar da shi kusa da masallaci ko banɗaki, makulli a hannun mutum biyu, ɗaya ba malami ba. Abin da ya fi akwatin muhimmanci shi ne amsa. Duk Litinin a asambuli ku ce: an rubuto fitilar bayan hostal ta mutu, an gyara, an yi kukan ruwa, muna jiran mai gyaran famfo. Kada a karanta takardar yadda aka rubuta ta, siniyoyi sun san lafazin kowa. Za su fara gwada ku da ƙananan abubuwa, tsutsa a wake, ƙarancin miya. Ranar da kuka raina waɗannan, babba ba zai zo ba.

Wata uwa, daga Tudun Wadan Gombe: Don Allah ku fara da tsare yarinyar da ta yi magana. Ku canja mata ɗaki. Sauran na kallon abin da zai same ta.

Malamin firamare, Dukku: Ni fa ina tsoron wannan salon. Yau ka ba yaro baki, gobe ya kai ƙarar malami don ya sa shi shara. Ku ƙara maigadi, ku hukunta siniyoyin a gaban kowa, magana ta ƙare.

Tsohuwar hedgel, Bauchi: Malam, da girmamawa, maigadi yana bakin get, yara ne ke kwana a bayan. Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 da na Dapchi a 2018, ba mai wasa da ɓarakar katanga a makarantar 'yan mata. Bulala a asambuli kuwa a jikin ƙanana take hucewa da dare, mun gani. Malama, ku duba yadda kuke naɗa firifet. In malamai kaɗai ke zaɓa, sau da yawa mai tsawa ake ɗauka don ta iya tsare layin abinci. Ku tantance 'yan takara, yara su jefa ƙuri'a, kowane aji ya samu wakiliya har 'yan aji ɗaya, a sa Musulma da Kirista, kada a manta da masu buƙata ta musamman. Ku riƙa zama da ƙananan su kaɗai, ba siniya a ɗakin.

Tsohon firinsifal, daga Azare: Na manta: tsarin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya tanadi kujerar wakilan ɗalibai tare da mai unguwa da malaman addini da mata. A wurare da yawa suna kawai ake rubutawa. Ku kira su zaman, a fara jin nasu kafin manya su yi magana, don in mai unguwa ya riga su ba za su iya cewa uffan ba. Samarin nan ma aikinsa ne, ya san iyayensu.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Akwatin a ƙofar ofishina yake, gobe zai tashi. Zaɓen firifet sai na shawo kan firinsifal tukuna. Wanda ya taɓa gudanar da shi, takarda kuka raba ko layi aka yi a bayan 'yan takara?