Neman kalma: me za mu kira ƙartin nan biyar na ƙwallon Amurka?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. Yau Laraba 13 ga Nuwamba 2024, ina da rahoton wasanni da zan karanta a rediyo ƙarfe bakwai na yamma, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Labarin Chicago Bears ne, ƙungiyar ƙwallon Amurka, wasan da wasu ke kira zari-rugar Amurka. Ranar Lahadi New England Patriots ta bi su har gida ta doke su 19 da 3, aka kayar da mai jefa musu ƙwallo, Caleb Williams, sau 9 da ƙwallo a hannunsa. Jiya aka sallami Shane Waldron mai tsara musu kai hari, yanzu ido ya koma kan babban koci Matt Eberflus. Waɗanda ake ɗora wa laifin su ne offensive line. Na rubuta "layin hari", edita ya ce ko shi bai gane ba. Ku taimaka.

Ɗan Fagge: 'Yan gaba kawai. Suna gaba, ɓangarensu ne ke kai hari.

Mazaunin Chicago: A'a ɗan'uwa. Duk wanda ya ji 'yan gaba, Ahmed Musa zai faɗo masa a rai, mai gudu mai zura ƙwallo a raga. Waɗannan ba sa cin ƙwallo, doka ma ta hana a jefa musu ita su cafe. Mutum biyar ne, kowanne ya kai kilo 140 ko kusa, suna durƙushe kafaɗa da kafaɗa. Na tsakiya ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga mai jifa, biyu na gefensa, biyu kuma a can bakin sahu. Aikinsu biyu: su tare masu son damƙe mai jifa, ko su ture mutane su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya. A wasan Lahadi na bakin sahun duka biyu, Braxton Jones da Darnell Wright, suna jinya. Na kalla a talabijin, da yaron nan ya karɓi ƙwallo ya ja baya taku uku sai ka ga mutum a wuyansa.

Ɗan Fagge: To 'yan garkuwa.

Mai Fassara: Yaya, ka rufa mini asiri. In na ce 'yan garkuwa sun jefa koci cikin matsala, mai sauraro a Birnin Gwari zai ɗauka sace shi aka yi.

Malamin Hausa: Kun ga abin da nake faɗa kullum. Muna da taska a gida, muna yawon bara. Kalmar tana nan tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro wasan: 'yan lifidi. Su ne barade masu nauyi, doki da mahayi duk an lulluɓe su da lifidi, ga kwalkwali a ka, suna kewaye da sarki a fagen fama. Ba a san su da gudu ba, an san su da tsayawa. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan daushe ya ga wucewarsu ya san abin da nake nufi. Dubi hoton 'yan wasan nan, ƙirji a cushe, kai a cikin kwalkwali. 'Yan lifidi, magana ta ƙare. Kuma ka cire "koci" daga rubutunka, mai horarwa ake cewa.

Mazaunin Chicago: Allah ya gafarta Malam, hoton ya yi kyau, amma duk mutum 22 da ke cikin fili sanye suke da wannan cushen da kwalkwali, har shi Williams ɗin. In kaya ne suka sa aka ce lifidi, kowa ɗan lifidi ne.

Malamin Hausa: Ban ce kaya kaɗai ba, na ce aiki. Wa ke kare sarki?

Yar Gidan Rediyo: Malam, in aiki ne ai dogarai sun fi dacewa. Dogari yana tsare sarki, yana kuma kore mutane ya buɗa masa hanya. Ayyuka biyun da ɗan'uwanmu na Chicago ya lissafa ke nan cif. Kuma yaro ɗan shekara goma ya san dogari, lifidi kuwa sai an yi masa bayani.

Malamin Hausa: To a yi masa bayanin mana! Rediyo ba makaranta ba ce? Haka muka yi ta sakaci har yaranmu suka koma cewa difenda da sitiraika. Kuma ban yarda a ɗauki dogaran sarki a jingina wa yaro ɗan shekara 22 ba. Sarauta ba abin wasa ba ce.

Yar Gidan Rediyo: Amma 'yan lifidin ma ai na sarki ne, Malam.

Ɗan Maradi: Ni abin da ka ba ni haushi, duk sa'ad da anka zo neman kalma sai a yanke ta da kunnen Kano. Mu nan ba mu tashi da Ingilishi ba, "koci" da "layi" duk baƙi ne gare mu, amma munka karɓa don a zauna lafiya. In mun ce lakwal ku yi dariya, ku kuma ku ce firamare ba mai dariya. Sannan Malam, ita lifidi da kake taƙama da ita daga Larabci ta shigo. Aro ne da ya tsufa.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Kada ka haɗa shi da na jiya.

Ɗan Maradi: Wa ka yanke shekara nawa kalma za ta yi kafin a ba ta ɗaki?

Mai Fassara: Don Allah malamaina, biyar ta wuce. Ga wata kuma: rahoton ya ce Eberflus yana kan hot seat. Kujera mai zafi?

Tsohon Edita: Kul. Bahaushe bai san kujera da zafi ba, sai dai ta yi rawa. Rubuta "kujerarsa na tangal-tangal", ka wuce. Ka kuma faɗi dalili, don kada a zaci wasa ɗaya ne ya jawo. Mutumin ya karɓi ƙungiyar a 2022, ya ci wasa 3 cikin 17. A 2023 ya ci 7. Bana sun fara da cin huɗu cikin shida, sai Washington ta ƙwace musu wasa da jifan ƙarshe, Arizona ta yi musu 29 da 9, ga kuma Patriots. Waldron shi ne na biyu da aka kora daga wannan muƙami a ƙarƙashinsa cikin shekara guda, bayan Luke Getsy a watan Janairu. Wanda ya sauya mataimaki sau biyu, saura shi.

Game da biyar ɗin, ɗana, ka ce 'yan shinge. Shinge yana tare dabba daga shiga gona, kuma ana buɗe masa ƙofa. Karon farko ka ce "'yan shinge, wato ƙarti biyar da ke tsare mai jefa ƙwallo", daga nan ka ci gaba da 'yan shinge. Ka ga har "shingen ya ɓalle sau 9" za ka iya cewa.

Mazaunin Chicago: Wannan ta zauna, Baba. Sai dai a yi musu adalci a rahoton. Ba duka taran ne laifinsu ba. Williams sabon shiga ne, bana aka ɗauko shi a matsayin zaɓi na ɗaya daga jami'a, yana riƙe ƙwallo ya daɗe yana neman wanda zai jefa wa. Ba shingen da zai tsaya haka.

Ɗan Fagge: Shinge ba ya tafiya gaba ai. Waɗannan kuma kun ce suna ture mutane.

Tsohon Edita: Gaskiyarka, ta nan ta gaza. Kawo wadda ta fi ta kafin bakwai.

Malamin Hausa: Daga barade an koma kara da ƙaya. Ku yi abin da kuka ga dama. Ni a ajina 'yan lifidi zan koyar.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Na tafi da 'yan shinge da tangal-tangal. Malam, na sa "mai horarwa" a jimlar farko, sauran wuraren koci ne saboda lokaci.

Mai Fassara: Na dawo, yau Juma'a 29 ga Nuwamba. An kori Eberflus. Jiya Detroit Lions ta doke su 23 da 20. Saura daƙiƙa talatin da 'yan kai aka sake kayar da Williams, koci yana da damar tsayar da agogo sau ɗaya bai yi ba, lokaci ya ƙare. Wannan ne karon farko da Bears ta kori babban koci ana tsakiyar kaka, ƙungiyar da ke wasa tun 1920. Na sake cewa 'yan shinge, edita bai taɓa ta ba. Yanzu shi mai jifan nake nema wa suna, "mai jefa ƙwallo" ta yi tsawo.

Malamin Hausa: Da kun karɓi 'yan lifidi, da sunansa ya zo da kansa. Ban sauka daga kanta ba.

Ɗan Maradi: Madugu.