Na sauya injin Golf 3, fulawil ya ƙi zama

Mai Golf: Salamu alaikum. Na cire injin 1.8 na ɗora 2.0 ɗan Beljiyam mai bawul 16, amma giyabos ɗina na da ne, mai lamba 020. Fulawil (babban faifan ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giyabos) ɗin da ya zo da injin ya ƙi shiga ko kaɗan. Wanne zan nema? Motar nan da ita nake cefane.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba zai shiga ba. Wancan na giyabos 02A ne, mai ɗaukar kuloci mai faɗin milimita 228. Naka 210 yake ɗauka, kuma a juye ake ɗaura kulocinsa: faifan matse kuloci ne ke kama karanshaf (babbar sandar injin mai juyawa), fulawil ya biyo baya. Ina tsohon fulawil ɗinka? Mayar da shi, ƙusoshi shida ne duka. Sabbin ƙusoshi dai za ka saka.

Mai Golf: Baba, na haɗa da tsohon injin na sayar.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Kash! To ka zo kasuwa da giyabos ɗin a but, a gwada faifan kuloci a sandarsa, don haƙoran ba iri ɗaya ba ne. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne".