Hanyar da kowa ke bi amma babu mai ita

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan muna kai kuka kan hanyar da ta ratsa unguwarmu. Duk damina sai ruwa ya ƙara cin gefenta, yanzu mota ɗaya ce ke iya wucewa, ita ma da dabara. Da muka je sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, injiniyan ya buɗe rajistar hanyoyi a gabanmu, ya ce tamu ba ta ciki. Ashe wanda ya yanka fulotai ya sayar mana shi ne ya fitar da hanyar, bai taɓa miƙa ta ga hukuma ba, ga shi ya rasu. Wa ya taɓa shiga irin wannan, kuma yaya ta ƙare?

Tsohon ma'aikacin ayyuka: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ga laifin injiniyan da sauri. Na daɗe a irin wannan ofis. Hanyar da ba ta cikin rajista ba ta shiga kasafin kuɗi, wanda ya kashe mata ko kwabo shi mai binciken kuɗi zai tuhuma. A Najeriya hanyoyi kashi uku ne, na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma, kuma Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanan ruwa da gyara su. Sai dai taku ko kashi na ukun ba ta shiga ba tukuna. Ku daina rubuta takardar neman gyara. Ku nemo magada, ku kawo safiyo ya auna faɗin hanyar, su sa hannu cewa sun bar wa jama'a, sannan ku roƙi majalisar ƙaramar hukuma ta karɓe ta. Na sha ganin mutane sun yi shekaru suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba ce, abin yana damuna har yau.

Maman biyu: Baba, mu tamu tana cikin rajistar, duk da haka karo-karo muka yi muka ɗauko gireda, muka zuba marmara. Damina ɗaya ta wanke komai saboda ba mu saka kwalbati ba. Da muka koma wurin ƙaramar hukuma, sai aka ce kuɗinta na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Na ji hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, na yi murna ƙwarai. Har yanzu dai ina goya ƙaramin ɗana in tsallaka da shi ramin nan zuwa makaranta.

Tsohon ma'aikacin ayyuka: Allah ya saka, Hajiya. In za ku sake, ku fara da hanyar ruwa.

Ɗalibi a Ingila: Gidan da nake haya yana kan layin da majalisar gunduma ba ta karɓa ba. Ramuka, fitilu, magudana, duk masu gidajen ke biya. A nan mai gina rukunin gidaje kan ƙulla yarjejeniya da hukuma ƙarƙashin sashe na 38 na dokar hanyoyi ta 1980: ya gina titi daidai da ma'auninta, ya ajiye jingina, ita kuma ta karɓa daga baya. Namu ba a yi masa haka ba. Maƙwabciyata tsohuwa ce mai fansho, duk lokacin da takardar kason gyara ta zo sai ka ga hankalinta ya tashi.

Manomi: Ni tawa ba gyara ba ce, rufewa ce. Hanyar da muke bi zuwa gona tun zamanin kakanni, wani ya sayi filin da ta ratsa, ya nuna takardarsa, ya kafa shinge. Ba a zana hanyar a taswirarsa ba. Sai da muka kai dattawa biyar suka shaida shekarun da aka yi ana bin ta, kafin ciyaman ya sa a zauna. An bar mana faɗin da amalanke za ta wuce, tifa kuwa sai ta zagaya. Na yarda da sulhun, amma na nace sai an rubuta an buga hatimi, don wanda zai saya bayansa bai san da zamanmu ba.

Mazauniyar Faransa: Ko a nan doka ta bambanta titin gari, wanda gyaransa wajibi ne a kan hukumar gari, da hanyar karkara wadda mallakinta ce amma ba a tilasta mata gyarawa ba. Da muka nemi a gyara wadda ke zuwa gidanmu, amsar da magajin gari ya ba mu ke nan.

Mai buɗe zance: Na gode, jama'a. Baba, mun gano babban ɗan marigayin, ya ce zai saurare mu ranar Asabar. Abin da ke gabanmu shi ne gidaje biyu sun riga sun ci taku uku-uku daga cikin hanyar da katangarsu. In safiyo ya auna ya ga haka, hukuma za ta karɓe ta a yadda take, ko sai an rushe?