Nawa ne 'yan tsaki ke ci a rana?

Maman Zainab:
Assalamu alaikum masu kiwo. Ina da 'yan tsaki 20 na kajin ƙwai, sun shiga sati na biyu, suna cikin babban kwali da fitila a bayan gida. Sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, nake ba su. Damuwata ita ce, duk lokacin da na leƙa sai na tarar bakinsu yana cikin abinci, na zuba da safe kafin rana ta take ya ƙare ƙarƙaf. Wata maƙwabciyata ta ce in riƙa auna musu sau biyu a rana, wai cin da yawa yana kashe su. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba, don da abincin ya ƙare suke fara kuka. Don Allah nawa ya kamata ɗan tsako ɗaya ya ci? Kuma ina da ragowar abincin manyan kaji masu ƙwai, zan iya haɗa musu da shi don buhun ya daɗe?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki auna musu. Ɗan tsakon kajin ƙwai ba ya cin abin da ya fi ƙarfinsa, yana tsinta ne kaɗan-kaɗan yini guda, saboda haka mazubin kada ya zauna babu komai. A satin farko kowanne yana cin kamar giram 10 zuwa 12 a rana, a na biyu ya kusa 17, zuwa sati na shida ya haura 40. Naki 20 ke nan a yanzu ba za su wuce giram 350 a rana ba, kuma buhu mai kilo 25 ya kamata ya kai su wajen sati shida. Idan abin da kike zubawa ya ninka haka kuma yana ƙarewa, ki ɗaga shimfiɗar kwalin ki duba, a nan abincinki yake. Tono suke yi da ƙafa suna watsarwa. Ki daina cika mazubin har baki, ki tsaya a rabi, sannan ki ɗaga shi ya yi daidai da bayansu.

Abincin masu ƙwai kuwa, don Allah ki ajiye shi gefe. An cika shi da sinadarin kalsiyam don yin ɓawon ƙwai, kusan kashi 4 cikin 100, alhali na 'yan tsaki kashi 1 ne kawai. Ƙodarsu ba ta iya ɗaukar wannan, kuma illar ba nan take take fitowa ba, sai sun girma ki ga suna ramewa ba ki san dalili ba.

Inna Ladi:
'Yata, ni dai da ɓarzajjen hatsi nake haɗa wa nawa, kuma suna tashi lafiya lau. Abin da ya fi kashe su a wurina ruwa ne da sanyi. Ki zuba 'yan duwatsu a cikin abin ruwan don kada su faɗa ciki su jiƙe. In kin ga sun cure waje ɗaya ƙarƙashin fitila suna kuka, ba yunwa ba ce, sanyi suke ji.

Malam Habu:
Inna, maganarki ta ruwa da sanyi haka take, har ma ruwan da suke sha yakan kusa ninka abincin da suke ci, kuma ɗan tsakon da ya rasa ruwa barin ci yake yi. Amma hatsin nan ina da ja. Naki suna bin uwarsu ne suna tsintar ƙwari da tsutsa, a nan suke cike gurbin. Na Hajiya suna cikin kwali, abin da ta zuba shi ne kaɗai rabonsu. Sitata tana da furotin kashi 18 zuwa 20, masara ba ta kai 10 ba. In an gauraya, ciki zai cika amma gashi da ƙashi ba za su samu abin gini ba. Kuma duk wanda zai ba su hatsi ko ganye sai ya ajiye musu 'yar tsakuwa ƙanana, don da ita ƙundu ke niƙa.

Maman Zainab:
Malam, Allah ya saka da alheri, Inna na gode ƙwarai. Na ɗaga shimfiɗar yanzun nan, garin abinci ne fal a ƙasa, wani wurin har ya jiƙe ya fara fumfuna kusa da ruwan. Na kwashe duka na zubar, na raba ruwan da abincin nesa da juna. Saura tambaya ɗaya Malam: idan lokacin sauya musu zuwa girowa, wato abincin kaji masu tasowa, ya yi, a rana ɗaya zan sauya ko a hankali?

Malam Habu:
A hankali, Hajiya, tsakanin sati shida zuwa takwas. Ki fara zuba kaɗan na sabon a cikin tsohon, kina ƙarawa kullum, har cikin sati guda ya zama sabon zalla.