Injin balansin taya yana ba ni lamba daban-daban duk juyi, ina matsalar take?

Yaron shago, Kano:

Assalamu alaikum masu sana'a, dan Allah ina neman taimako. Shekarata 3 ina aikin faci a shagon maigidana a hanyar Zariya, to watan da ya wuce oga ya sayo injin balansin taya ɗan Chana, sabo fil a kwali, wanda ya kawo shi ya haɗa ya nuna mana sau biyu da taya ɗaya ya tafi abinsa, littafin da ya zo da shi kuma turancin ciki ba ya ganuwa sosai. Yanzu ni aka bar wa injin. Abin da ke damuna shi ne in na ɗora taya na juya sai ya ce misali giram 25 ciki 30 waje, in buga dalma mai wannan nauyin a rim daidai yadda ya ce, in sake juyawa maimakon ya ba ni 0 da 0 sai ya ce in ƙara 15 a wani wuri daban, in ƙara, ya kuma cewa 10, har sai ka ga rim ɗaya da dalma huɗu ko biyar. Shekaranjiya wani mai Corolla ya zo na yi masa duka huɗun, jiya ya dawo ransa a ɓace wai da ya hau hanyar Kaduna ya kai 100 sitiyari na karkarwa fiye da da. Wallahi kunya ta kama ni a gaban oga. Tayarsa 195/65 R15 ce, rim na ƙarfe. Injin ne ba shi da kyau ko ni ne ban iya ba? Na gode.

Baba mai taya, Kaduna:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka ɗora wa injin laifi bari in tambaye ka, lambobi ukun nan da ake shigarwa kafin a juya, me kake sa wa a na tsakiya? Don na ga yara da yawa suna karanta 195 ɗin da ke jikin taya su ɗauka shi ne faɗi. Ba shi ba ne. Wannan faɗin robar ce a milimita, shi kuwa inji faɗin rim yake tambaya a inci. Akwai wani abu kamar babban almakashi na roba da ya zo cikin kwalin, da shi ake kama rim ciki da waje daidai inda dalma za ta zauna a karanta, kuma galibi an buga shi a jikin rim ɗin ma, za ka ga 15x6J, to 6 ɗin nan ita ce faɗi, 15 kuma girman rim. Na farko kuwa tazara ce daga jikin inji zuwa leɓen rim na ciki, da ɗan sandan awon nan da kake jawowa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya kauce to duk lissafin injin ya kauce, zai ba ka nauyin da ba shi ba, ka buga, ya sake neman gyaran abin da ya ɓata da kansa.

Amma ni a ganina babbar matsalarka wajen ɗora tayar take. Injin nan ba ya ganin taya, girgizar da sandarsa ke ji kawai yake aunawa, in rim bai zauna a tsakiya cif ba to ƙaryar zaman ce zai auna maka ya kira ta nauyi. Ka zaɓi kon, wato ƙarfen nan mai tsini da ake zurawa a sandar inji ya riƙe rim a tsakiya, wanda ya dace da ramin tsakiyar rim, kada ya shige gaba ɗaya kada kuma ya tsaya a baki. Rim na ƙarfe irin na Corolla ya fi son a sa kon ta baya, wato ka fara zura kon a sanda ya hau kan sifirin, sannan taya, sannan kofin roba da babban noti ta gaba, saboda ta bayan ne ramin yake daidai yadda yake zama a mota. Lokacin ɗaurewa kuma kada ka bar nauyin tayar ya rataya, ka ɗan ɗaga ta da hannu ɗaya kana jujjuya ta kana ɗaurewa a hankali har ta zauna. Kuma ka goge fuskar injin da bayan rim, ɗan tsatsa ko ƙasa kaɗan a wurin ya isa ya karkatar da taya.

Ga gwajin da zai raba gardama. Ka yi balansin har ya ba ka 0 da 0, ka sassauta noti, ka juya tayar rabin zagaye a kan sandar ba tare da sandar ta motsa ba, ka ɗaure ka sake juyawa. In ya nuna 5 ko ƙasa da haka ba komai. In ka ga 15 ko 20 to zaman ne bai yi ba, ko kon ɗin ya ci, ko ramin rim ɗin ya buɗe.

Sannan dokata a shago, ba a ƙara dalma ta biyu a gefe ɗaya. In ka buga ka juya bai ba ka sifili ba, cire ta ka sake daga farko, ko ka ɗan matsar da ita. Dalma ɗaya ciki ɗaya waje, shi ke nan. Kuma wurin bugawa, ka juya taya da hannu a hankali har fitilun gefen su kama duka, ka taka birki in injinka na da shi, ka buga a sama cak, ƙarfe 12 na agogo, saitin tsakiyar sanda. Yatsa biyu ka kauce za ka ga 10 ta dawo.

Yaron shago, Kano:

Baba Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Gaskiya faɗin ban taɓa aunawa ba, wanda ya haɗa injin ya bar shi a 5.5 ni kuma ban taɓa canzawa ba sai girman rim kawai nake canzawa. Kon kuma ta gaba nake sawa kullum. Gobe da safe zan gwada in sha Allah.

Mai garejin Maraɗi:

Sannunku da aiki. Abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai ni ban yarda a wanke injin tas ba tun ba a gwada shi ba, musamman sabo da aka ɗauko a mota aka sha ramuka da shi kafin a sauke. Duk injin da aka motsa daga wuri zuwa wuri yana son a yi masa saiti, abin da suke rubutawa CAL. A kwalin akwai dalma ɗaya babba mai giram 100, yawanci da launi daban, kada ka kuskura ka buga wa kwastoma ita, ta saiti ce. Ka samu rim na ƙarfe mai lafiya 14 ko 15 da taya mai kyau, ka shigar da lambobinsa daidai, ka shiga CAL, ya yi juyi ɗaya ba dalma, sai ya nemi ka buga ta 100 ɗin a waje, ya sake juyi, wasu injinan su ce ka mayar da ita ciki ya kuma juyawa, sannan ya rubuta ya gama. Maɓallan da ake dannawa a shiga sun bambanta daga inji zuwa inji, wannan shafin kaɗai ka nemi wani ya karanta maka a littafin.

Abu na biyu ƙasan da injin yake kai. Ni da na fara a kan katakon da aka kawo shi da shi na bar nawa, wata biyu ina fama, ashe duk juyi injin gaba ɗaya yana ɗan rawa. Sai da na zuba siminti na daidaita na ɗaure ƙafafunsa da kusoshin ƙasa sannan ya natsu. Kuma kada ya zama kusa da kwamfuresa ko janareta, in suna aiki ƙasa na girgiza yana ji. Wuta ma haka, ƙaramin janareta da ke hawa da sauka yana rikita shi kuma yana iya ƙona allon, ka gaya wa maigidanka ya sa masa sitabilaiza, kuɗinta bai kai na allo ba.

Sai abin da mu masu faci muke jawo wa kanmu, ruwa a cikin taya. Tankin kwamfuresa yana tara ruwa, in ba a buɗe ƙasansa ana zubarwa kullum to ruwan nan cikin tayar mutane yake tafiya, ga kuma ruwan sabulun da ake malalawa lokacin sa taya. Taya mai ruwa a ciki ko mai wannan ruwan liƙe huda da ake zubawa ba za ta taɓa ba ka sifili ba don nauyin yawo yake yi, duk juyi yana wani wuri. Ka girgiza ta kusa da kunnenka za ka ji. Haka laka da ta bushe a cikin rim yanzu da damina, da tsakuwa a tsagin taya, da tsofaffin dalma, duk a cire kafin a ɗora, a kuma sa iska daidai geji.

Direban Sharon, Kano zuwa Abuja:

Ni ba mai sana'ar ba ne amma kusan duk wata biyu ina gaban injin nan don hanya ce abincina. Malam abin da zan ce maka ka riƙa tambayar mai mota kafin ka kwance taya, a ina yake jin karkarwar kuma a wane gudu. In sitiyari ne daga 80 zuwa 120 kuma in ya wuce ko ya rage ta lafa to tayoyin gaba ne, in kujera ce ko ƙasan mota to na baya ne. In kuwa sai ya taka birki take karkarwa wannan faifan birki ne, in mota na ja gefe ɗaya ko taya na cinyewa ta gefe wannan alaimen ne, ko ka buga dalmar duniya ba zai daina ba. An taɓa karɓar kuɗina sau uku a wani shago ana balansin ashe tayarod ne ya mutu, da sun ce min in je wajen bakanike tun farko da har yau ina zuwa wajensu.

Kuma dan Allah ku riƙa kallon tayar tana juyawa. Yawancinmu beljiyam muke saya, wata ta kumbura ta ciki wayarta ta saki, wata rim ɗin ya sha rami ya lanƙwashe, injin zai iya ba ka 0 da 0 amma taya na tsalle kamar ƙwai. Ka faɗa wa mutum gaskiya ya canza. Lambobi huɗun ƙarshe na DOT da ke rubuce a jikin taya ma ka koya wa kwastoma, 2319 na nufin an ƙera ta a sati na 23 a 2019, don 'yan Road Safety na dubawa a hanya.

Baba mai taya, Kaduna:

Direba ya taɓo wuri mai kyau. Ɗana idan injin ya tsaya ka ɗaga murfi ka juya tayar da hannu, ka kafa alli ko sukundireba kusa da leɓen rim ba tare da ya taɓa ba, ka ga ko tazarar na buɗewa tana rufewa. Ka duba siririn layin nan da ke zagaye da taya kusa da rim ma, in wani wuri ya nutse wani ya fito to tayar ba ta hau daidai ba, sace iskar ka shafa sabulu ka sake hurawa.

In kuma taya ta nemi nauyi mai yawa, kamar 60 ko 70 a gefe ɗaya a ƙaramar mota, kada ka yi ta jera dalma. Ka yi alama da alli, ka sace iska, ka juya robar rabin zagaye a kan rim ka sake hurawa, sau da yawa za ka ga ya sauko sosai don nauyin roba da na rim ne suka haɗu wuri guda. Sabuwar taya ma in ka ga ɗigon rawaya a gefenta nan ne wuri mafi rashin nauyi, a saita shi da bawul.

Na manta ban yi maganar rim na alminiyom ba, kuma su ne za su fi ba ka wahala. Waɗannan ba a buga musu ta maƙalawa a fuska, za ka ɓata wa mutum rim, ta liƙawa ake sawa mai gam a baya, wadda ke zuwa yanka-yanka na giram 5 da 10. Dole ka canza injin zuwa ALU ka zaɓi hoton da ya yi daidai da inda za ka liƙa, don in ka bar shi a na ƙarfe yana lissafin dalmar waje a leɓe take alhali kai bayan ƙafafun rim ka liƙa ta, nan ma bin lamba za ka yi ta yi. Wasu injinan a ALU ƙarfe 6 suke so ba 12 ba, ka duba naka. Ka goge wurin ya bushe ƙarau babu maiƙo babu ƙura kafin ka liƙa, ka danna da ƙarfi, in ba haka ba kafin ya kai Kwanar Dangora ta faɗi. Ta maƙalawa kuma in tsohuwa ce bakinta ya buɗe kada ka mayar.

Kuma ina roƙonka kada ka cire murfin nan ko ka ɗaure makunninsa don sauri, na ga dalma ta fita ta fasa wa yaro goshi da idona. Hannun riga mai faɗi ma a naɗe. In ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, masu laushin nan dalma ce ta gaske kuma guba ce a jiki, shi ya sa Turai suka hana sa ta a motoci tun 2005, waɗanda ka ga an rubuta Zn ko Fe su ne madadinta.

Yaron shago, Kano:

Salam, na dawo da bayani. Yau tun 7 na buɗe shago, na fara da CAL da dalmar 100, ashe tana cikin kwalin da oga ya ajiye a sito. Na kira mai Corolla na ba shi haƙuri ya zo, na cire duk dalmar da na jera masa, guda 17 a taya huɗu. Faɗin rim ɗinsa 6 ne ba 5.5 ba. Na sa kon ta baya, uku sun ba ni 0 da 0 a juyi na biyu da dalma bibbiyu, na yi gwajin rabin zagayen Baba ya nuna 5. Ta huɗun ta gaba ta hagu ita ce ta ƙi, da na girgiza sai na ji ruwa, muka buɗe muka zubar muka goge, sannan na ga rim ɗin ma ya ɗan lanƙwashe ta ciki, na nuna masa da alli ya gani da idonsa, muka mayar da ita baya kafin ya samu wani a Ƙofar Ruwa. Ban karɓi ko sisi ba. Ya kira ni da la'asar daga Zariya ya ce sitiyari lafiya lau har 110. Injin har yanzu a kan katako yake, oga ya ce ranar Asabar za a zuba simintin. Mai garejin Maraɗi dan Allah kaurin simintin da ka zuba nawa ne, kuma kwana nawa ka bari ya bushe kafin ka ɗaure injin?