Neman kalmar Hausa: me za mu kira kiwon da ake hutar da ciyawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe, musamman masu dawaki da likitocin dabbobi. Ina neman shawararku a kan wata kalma da ta tsaya mini tun makon jiya, lokacin da na fara rubuta 'yar takardar jagora da Hausa domin yaran barga masu kula da dawakin ƙwallo, wato na wasan polo, a nan Jos. Turawa suna cewa "rotational grazing", kuma abin da suke nufi shi ne a raba filin kiwo gida huɗu ko biyar, a saki dawaki a gida ɗaya na 'yan kwanaki, sannan a mayar da su na gaba, ta yadda kafin su zagayo inda suka fara, ciyawar wurin ta huta ta sake tofowa.

Ban yi mamakin rashin kalmar a bakinmu ba, domin dokin Bahaushe tun asali a turke yake. Yaron doki ne ke ɗaukar lauje ya yanko ciyawa, a haɗa da harawa da dusa da dawa, a ba shi kanwa. Shi ya sa muke da barga da turke da dabaibayi da ingirici, amma ba mu da sunan tsarin da ba mu saba yi ba. Yanzu kuwa masu dawaki a gefen Jos suna killace fili su saki dabbobinsu, ga ruwan sama daga Afrilu har Oktoba, sai dai da yawa suna sakinsu a fili ɗaya shekara da shekaru.

Na ga sakamakon haka da idona a wani fili da ke kan hanyar Bukuru, a tsakiyar watan Agusta. Rabin filin ya zama fako, jar ƙasa a waje, ruwa ya fara yanka ƙananan kwazazzabai, alhali ɗaya rabin ciyawa ce har gwiwa kewaye da tulin kashin doki, babu wanda ya taɓa ta. Dalilin a bakin doki yake. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, da harshe take naɗo ciyawa, amma doki yana da su sama da ƙasa, yana datse ciyawa dab da ƙasa, kuma yakan kai awa goma sha shida yana kiwo a yini da dare idan an bar shi. Ga shi yana ƙyamar ci kusa da kashinsa, saboda haka sai ya riƙa komawa wuri ɗaya yana cinye sabon tofo kafin saiwa ta farfaɗo. Duk kalmar da za mu zaɓa, wajibi ne yaron barga ya ji wannan hutun a cikinta.

Na fara da "kiwon zagaye", na ajiye, domin wanda na gwada wa ya ɗauka ana nufin a ja doki a zaga da shi bayan gari. "Kiwon juyi" bai faɗi abin da ake juyawa ba. Wadda ta fi zama a kunne ita ce "kiwon karɓa-karɓa", tun da kowa ya san mulkin karɓa-karɓa, kuma nan take mutum zai gane cewa kowane ɓangaren fili yana da ranarsa. Rauninta shi ne ta faɗi layi, ba ta faɗi hutu ba.

Wani dattijo da ya haura shekara arba'in yana aikin barga shi ya cike mini giɓin. Na ce masa, "Baba, idan an fitar da dawaki daga wuri domin ciyawa ta dawo, me za a ce da wurin?" Bai ko ɗago daga sirdin da yake gogewa ba ya ce, "Ai saura ke nan, ɗana. Gonar da aka bari ta huta, me sunanta?" Na ga gaskiyarsa. Hutun gona na shekaru ne, wannan kuwa na mako uku zuwa huɗu ne da damina, amma hikimar ɗaya ce, kuma duk ɗan manomi ya san ba a taɓa saura sai ta murmure. Abin lura kawai shi ne wannan saura mace ce, za mu rubuta "saurar kiwo", kada ta rikice da "sauran kiwo" mai ma'anar ragowa.

Shi kuma kowane ɓangare, wanda Turawa ke kira "paddock", ina ganin "shingen kiwo" ya wadatar. Garke wurin kwana ne, ba a kiwo a cikinsa, hurumi kuwa na gari ne baki ɗaya.

Ga jimlar da na gwada su a ciki: "A kiwon karɓa-karɓa, a saki dawaki a shinge idan ciyawa ta kai taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, a fitar da su idan ta sauko faɗin yatsu huɗu, a kwashe kashi saboda ƙwan tsutsar ciki, sannan a bar wurin saura." Da rani kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, filin duka saura ne, doki ya koma ingirici da harawa, kuma mai nauyin kilo 400 yana bukatar kilo 6 zuwa 8 na busasshiyar ciyawa kullum.

Roƙona ga 'yan uwa na Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau shi ne ku gaya mini ko saura tana da wannan ma'ana a karin harshenku, ko akwai wata kalma da yaran barga na gidajen sarauta suke amfani da ita, kafin in kai takardar wurin bugawa a ƙarshen wata.