Muna son kafa sororiti a jami'armu a Amurka, ta ina za mu fara?

Ɗalibar aji biyu: Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a wata jami'ar jiha, muna son kafa sororiti, ƙungiyar zumuncin ɗalibai mata irin masu suna da haruffan Girka, amma tamu babu giya babu casu. Mun zaɓi suna. Me ya rage jami'a ta amince da mu?

Anti ta Maryland: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Suna shi ne mafi sauƙi. Ƙofa biyu ce a gabanku. Ta farko rajistar ƙungiyar ɗalibai ta gama-gari: mambobi biyar zuwa goma a yawancin makarantu, rubutaccen tsarin mulki, shugaba da ma'aji, da malami ɗaya mai ba ku shawara. Sai dai dokar Title IX ta 1972 ta hana wariyar jinsi, don haka ta wannan ƙofa ba ku da ikon hana namiji shiga. Sororiti ta zumunci ce doka ta ɗauke wa wannan sharaɗi, ita ma sai idan gwamnati ta yafe mata haraji kuma akasarin mambobinta ɗalibai ne. Ke nan ƙofarku ita ce ta biyu, ofishin da ke kula da sororiti. Kafin ku kashe ko dala ɗaya a buga riguna, ku tambaye su ko suna karɓar ƙungiyar da ba reshen wata uwar ƙungiya ta ƙasa ba ce. Jami'o'i da dama ba sa karɓa, saboda in aka yi ɓarna babu wanda za a riƙe.

Malam na Houston: Abin da Anti ta faɗa ya sa nake ganin buɗe reshe ya fi ƙirƙiro sabuwa. Amma a san wa ake tunkara. Sororiti 26 na National Panhellenic Conference, wata gamayyar sororiti ta ƙasa, ba sa zuwa don ɗalibai sun gayyace su, sai majalisarsu ta cikin jami'ar ta kaɗa ƙuri'ar buɗe gurbi. Ga abin da kuke nema, akwai Gamma Gamma Chi da aka kafa a 2005, da Mu Delta Alpha da ta fara a Jami'ar Texas ta Dallas a 2016, duk mata Musulmi ne suka kafa su. Ku rubuta musu.

Yaya mai lissafi: In kun dage kan taku, ga aikin takarda. Ku duba rumbun USPTO, ofishin rajistar alamun kasuwanci na Amurka, ko wasu sun riga ku mallakar haruffan. Ku yi rajista a jiharku a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ku karɓi lambar EIN, wato lambar harajin ƙungiya, daga hukumar haraji ta IRS, kyauta ce, sannan ku nemi matsayin 501(c)(7), wanda ke yafe wa ƙungiyoyin zumunci haraji. Asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu, kada kuɗi su zauna a wayar ma'aji. Inshora ce ke karya mutane: sau da yawa jami'a kan nemi kariyar dala miliyan 1, kuma kuɗin shekara daga aljihun ku bakwai zai fito. Ku karɓi farashi tukuna, sannan ku yanka kuɗin mamba.

Ku sa mafi ƙarancin maki a tsarin mulki, matsakaicin maki 2.5 cikin 4 aka fi amfani da shi, da haramcin gasa wa sababbin shiga aya a hannu. Tun dokar tarayya ta Disamba 2024, dole jami'o'i su bayyana ƙungiyoyin da aka kama da wannan laifi. Kuma in dukanku ajinku guda ne, ranar da kuka kammala ƙungiya ta mutu, don haka ku jawo 'yan shekarar farko tun zangon farko.

Ɗalibar aji biyu: Mun gode, Allah Ya saka. Za mu iya rubuta cewa Musulma kaɗai za ta shiga?

Anti ta Maryland: Kada ku rubuta haka. Sassaucin na jinsi ne kawai, bai shafi addini ba, kuma jami'ar jiha na iya mayar muku da takarda a kan wannan layin. Ku rubuta ɗabi'un da kuka tsaya a kai: babu giya a taronku, ana dakatawa lokacin sallah. Duk wadda ta yarda da su, bismillah.